Zalika Souley da Farkon Silima a Nijar

An haifi Zalika Souley a Yamai cikin 1947. Tana da shekara 19 Mustafa Alasan ya sa ta cikin Le Retour d'un aventurier, 1966, labarin samarin ƙauye masu kwaikwayon mahayan dawakin Amurka. Ta hau doki, ta sa wando, ta riƙe bindiga, abin da mutanen garinta ba su saba gani ga ɗiya mace ba.

Amma wurin Umaru Ganda ne gwanintarta ta bayyana. Ta fito cikin Cabascabo, sa'an nan cikin Le Wazzou polygame, wanda aka yi da Zabarmanci (kalmar wazzou kuwa tushenta ɗaya da wa'azi na Hausa, watau Larabci). Wannan ne ya fara cin babbar lambar gasar silima ta Wagadugu cikin 1972. A ciki ta zama matar da kishi ya kai ga kisankai, ta kuwa yi shi sai ka rantse halinta ne. Nan wahalarta ta samo asali, gama 'yan kallo da yawa ba su rarrabe mai kwaikwayo da wanda ake kwaikwaya ba. Suka riƙa zaginta a titi saboda laifin da aka rubuta mata.

Sa'ad da sana'ar silima ta durƙushe a Nijar, sai da ta tafi ƙasar waje aikatau. Rahmatou Keïta ta ɗauki tarihinta a fim cikin 2004. Ta rasu a 2021.