Nadamar da Ba Ta Kai ga Tuba ba: Nazarin Taurari Uku a Adabin Turai da Amurka

Tsakure: Maƙalar ta nazarci matar Macbeth, da Dimmesdale, da Raskolnikov, domin gano abin da ya ragargaza su bayan aikata laifi. Ta ɗora nazarin a kan sharuɗɗan tuba, ta kuma nuna cewa nadamar da aka toshe wa hanyar fita ce ke halaka tauraro.

Manazarta sun saba faɗin cewa jin laifi kan cinye mai laifi a adabi, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta tsaya a rabin hanya. Malamanmu sun sanya nadama a matsayin sharaɗi guda cikin sharuɗɗan tuba, tare da barin laifin, da ƙudurin ƙin komawa, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Idan aka auna taurarin nan da wannan ma'auni, za a ga dukkansu sun cika sharaɗin farko har ya yi musu yawa, amma sauran sun gagare su. A wasan Macbeth na Shakespeare, wanda aka rubuta wajajen 1606, matar Macbeth ce ta zuga mijinta ya kashe sarki Duncan, ita ce kuma ta mayar da wuƙaƙen ta shafa wa dogarai jini. Ba ta taɓa furta laifin a farke ba. Sai a kashi na biyar aka gan ta tana yawo cikin barci tana wanke hannu, tana ambaton har kisan Banquo da na matar Macduff, waɗanda mijinta ya sa aka yi ba tare da an shawarce ta ba. Likitan da ya saurare ta ya gane cewa ciwon ya fi ƙarfin magani, daga baya kuma aka ba da labarin ana zaton ita ta kashe kanta.

Misalin da ya fi fito da al'amarin fili yana cikin The Scarlet Letter na Nathaniel Hawthorne, na 1850, domin a can laifi ɗaya ne mutum biyu suka yi. Hester Prynne ta haifi Pearl ba ta hanyar aure ba, mutanen Boston suka tsayar da ita a dandali, suka tilasta mata ɗaukar jan harafi a ƙirji. Ta sha wulaƙanci, amma ta rayu, ta ci da kanta da ɗinki, har mutanen garin suka koma neman taimakonta. Uban yarinyar kuwa, limamin coci Arthur Dimmesdale, ya yi shiru shekara bakwai. Ya yi ta azumi da raya dare da zane jikinsa da bulala a ɓoye, yana ramewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali a littafin shi ne yadda yakan hau mumbari ya kira kansa mafi sharrin masu zunubi ba tare da ya ambaci zunubin ba, jama'a kuwa su ɗauki hakan tawali'un waliyyi, su ƙara girmama shi. Ya faɗi gaskiya ta hanyar da ya san ba za a yarda ba, don haka kowace huɗuba sai ta ƙara masa sabon laifi a kan na farko.

Wani zai ce tsoron tonon asiri ne ya ragargaza su, tunda Chillingworth, mijin Hester, ya tare a gida ɗaya da Dimmesdale a matsayin likitansa yana ƙwaƙular zuciyarsa. Tsoro yana da nasa rabo, ba a musu. Amma littafin Crime and Punishment na Dostoevsky, na 1866, ya raba tsoro da nadama ƙarara. Raskolnikov ya kashe tsohuwa mai karɓar jingina da 'yar'uwarta Lizaveta da gatari, ya ɓoye kayan da ya ɗauka a ƙarƙashin dutse bai amfana da su ba. Da wani mai fenti, Nikolai, ya ɗauki laifin a kansa, ai hanyar tsira ta buɗe masa, amma zazzaɓin da sambatun da gudun mahaifiyarsa da ƙanwarsa ba su bar shi ba. Mai binciken, Porfiry, ba shi da hujjar da za ta tsaya a kotu. Raskolnikov da kansa ya fara gaya wa wata budurwa mai suna Sonya, sannan ya kai kansa ofishin 'yan sanda aka yanke masa shekara takwas a Saberiya. Ko a can ma ya daɗe yana ganin kuskurensa kawai shi ne gazawa, bai fara warkewa ba sai da girman kansa ya karye. Furuci da baki, ashe, bai wadatar ba.

Akwai ƙorafi na biyu, wanda ya fi kusa da mai karatu Bahaushe: addini ya kwaɗaitar da bawa ya suturta zunubinsa, ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa, to don me za a zargi Dimmesdale da yin shiru? Amsar tana ga sharaɗin haƙƙi. Suturtawa ta shafi abin da bai taɓa wani ba, shirun Dimmesdale kuwa a kan wuyan wasu yake. Hester ita kaɗai ta ɗauki hukuncin mutum biyu, Pearl ta tashi ba uba alhali ubanta na tafe a titi ana gaishe shi da ladabi. Yarinyar ta taɓa roƙonsa ya tsaya tare da ita da mahaifiyarta a dandalin da rana tsaka, ya ƙi. Ranar da ya amsa roƙon, bayan huɗubar bikin naɗa sabon gwamna, jikinsa ya riga ya ƙare, kuma a wurin ya mutu. Duk da haka wasu daga cikin waɗanda suka halarta suka dage cewa bai amsa wani laifi ba, darasi kawai ya bayar, saboda shekara bakwai ya yi yana koya musu jin maganarsa a baibai.