Asalin Sunan Hadiza da 'Yan'uwansa a Ƙasar Haɗejiya

A ƙasar Haɗejiya, tun daga cikin birni har zuwa Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kiri Kasamma da Guri, da wuya a sami zuriyar da babu Hadiza a cikinta. Sai dai ba kowace ake kira da haka ba. Wata Dije ake ce mata, wata Dija, wata Hadizatu, wata Kubura, wata kuma kakanni na yi mata wasa da Dijangala. A 'yan shekarun nan wani ra'ayi ya yi ƙarfi, musamman a wurin matasan iyaye, cewa Khadija ne kaɗai sunan gaskiya, Hadiza gurɓatawa ce, Dije kuwa sunan tsofaffi ne da mutanen ƙauye. Wannan ra'ayi bai tsaya a kan hujja ba. Duk wanda ya bi asalin sunan tun daga Makka har zuwa bakin kogin Haɗejiya zai ga cewa suna ɗaya ne, kuma yadda ya rassa a bakin Hausawa shaida ce ta daɗewar Musulunci a wannan ƙasa da ƙaunar da ake yi wa mai sunan tun farko.

Mai sunan ita ce Nana Khadija 'yar Khuwailid, Baƙuraishiya daga gidan Banu Asad. Attajira ce a Makka, tana ba maza dukiyarta su tafi fatauci Sham a raba riba, kuma ta wannan hanya ta san amanar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan yaronta Maisara ya raka shi tafiya ya dawo ya ba ta labarin halinsa. Ta aure shi yana da shekara 25, suka zauna wajen shekara 25, bai yi mata kishiya ba har ta rasu. Ita ce mahaifiyar Alƙasim, Abdullahi, Zainabu, Ruƙayya, Ummu Kulsum da Faɗimatu. Da wahayi ya fara sauka a kogon Hira wajen shekara ta 610, ita ta lulluɓe shi, ta kwantar masa da hankali, ta kai shi wurin ɗan'uwanta Waraƙa ɗan Naufal, ita ce kuma farkon wanda ya ba da gaskiya da shi. Ta sha wuyar takunkumin da Ƙuraishawa suka ƙaƙaba wa Banu Hashim, ta rasu wajen shekara ta 619, shekara 3 kafin Hijira, a shekarar da Abu Ɗalib ya rasu, wadda aka sa wa suna Shekarar Baƙin Ciki. Saboda girmanta ake ce mata Khadijatul Kubra, wato Khadija Babba, kuma daga wannan laƙabi ne Kubura ta fito.

Amma sunan ya girme ta, don Larabawa suna sa shi tun kafin Musulunci. A ƙamusoshinsu, tushen kalmar yana nufin abin da aka haifa kafin lokacinsa ya cika, wanda Bahaushe ke kira bakwaini. Wasu na jin wannan sai ransu ya sosu, su ce ashe ma'anar ba ta taka kara ta karya ba. Abin lura a nan shi ne Larabawan dauri suna raɗa wa yaro suna daga halin da aka haife shi, kamar yadda kakanninmu suke yi: Kande ko Delu ga macen da ta biyo bayan maza, Marka ga wadda aka haifa a tsakiyar damina, Azumi ga ta watan Ramadan, Talatu da Jummai da Asabe ga ranakun mako. Ashe ke nan darajar sunan Khadija ba daga ƙamus ta zo ba, daga matar da ta ɗauke shi ta zo. Babu uban da ke sa wa 'yarsa wannan suna yana tunanin watannin ciki. Fatansa shi ne yarinya ta ɗebo wani abu daga halin Uwar Muminai, domin Hausawa sun ce suna linzami.

Ta hanya biyu Musulunci da sunayensa suka kewaye wannan yanki. Daga gabas akwai daular Kanem-Barno, wadda sarkinta Mai Hume ya musulunta a ƙarshen ƙarni na 11. Daga yamma akwai Kano, inda Wangarawa suka iso zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Haɗejiya na tsakani, kuma kafin jihadi ita da Auyo da Garin Gabas da sauran ƙananan masarautun yankin suna bin Barno ne ta hannun Galadima da ke Nguru, har zuwa lokacin da Fulani suka karɓi tuta, Sarki Sambo ya kafu a birnin wajen 1808. Ƙasa ce da Hausawa, Fulani, Mangawa, Badawa da Auyokawa suka cuɗanya, kowa da yadda harshensa ke juya kalma. Kada kamar da ke tsakanin Hadiza da Haɗejiya ta ruɗi mutum, don babu dangantaka a tsakaninsu. Tarihin baka ya ce garin ya samo sunansa daga wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya, waɗanda suka fara zama a wurin. Sunan garin na gida ne, sunan Hadiza kuwa baƙo ne da ya zo tare da littafi, ya zauna har ya zama ɗan gari.

Yadda ya zama ɗan gari kuwa a fili yake. Harafin farko na Khadija sauti ne da ake fitarwa daga maƙogwaro, wanda babu shi a Hausa. A makarantar allo ma, inda yaro ke fara babbaƙu, ha mai ruwa ake kiran harafin. Duk kalmar da ta shigo da shi, ha ta koma: Alhamis, halifa, hatimi, huɗuba, alheri, Halidu, Halilu. Ba a taɓa jin wanda ya tashi gyara alheri ba, don kowa ya san kalmar ta zama tamu. Sautin ja da za su ma sun saba musanya wuri a Hausa, kamar a kaza da kaji, ko miji da maza, shi ya sa kunnen Bahaushe bai ji wani bambanci ba tsakanin Hadiza da Dije. Ita kuwa Hadizatu, tare da Aminatu, Halimatu da A'ishatu, ƙarshenta ya nuna cewa daga bakin malamai ta fito, waɗanda ke karanta sunan da wasalinsa kamar yadda yake a rubuce. Misalin wannan suna kamar ruwan kogin nan ne: a sama ana ce masa kogin Kano da kogin Challawa, a nan kogin Haɗejiya, idan ya haɗu da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe har ya faɗa tafkin Chadi, amma ruwan bai canja ba.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa sunan ya rassa, shi ne kunya. Ranar bakwai da haihuwa, bayan sallar Asuba, maza na taruwa a ƙofar gida a kan tabarmi, a raba goro da dabino, uba ya raɗa wa liman suna, a yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta, a yanka rago, wanzami ya yi wa jaririya aski. Wannan shi ne sunan yanka. Amma sau da yawa sunan uwar miji ne ko na uwar mata aka mayar, kuma ɗa ba ya kama sunan mahaifiyarsa, suruka ba ta kama sunan uwar mijinta. Don haka tun kafin a gama suyar naman suna, mata a cikin gida sun nemo abin da za a riƙa kiran yarinya: Ummi, Mama, Inna, Hajiya, ko Kubura. Da yawa daga cikin masu waɗannan laƙubba, idan aka tambayi sunansu na yanka, Hadiza ne. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin ɓata suna bai fahimci al'adar ba. Girmamawa ce ta sa aka sakaya shi, kamar yadda girmamawa ta sa aka zaɓe shi.

Hujja mafi nauyi da masu cewa a gyara suke kawowa ta addini ce. Suna cewa sunan Uwar Muminai ne, bai kamata a taɓa shi ba, kuma Manzon Allah da kansa ya canja sunayen mutane. Gaskiya ne ya canja, amma sai a duba waɗanne. Ya canja waɗanda ma'anarsu ta munana ko take nuna yabon kai: mai suna da ke nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila, Barra ya mayar da ita Zainabu. Bai canja sunan kowa don lafazi ba. Hasali ma ya tabbata a hadisi cewa ya kira Nana A'isha da A'ish, ya kira Anas da Unais, kuma gajarta suna wajen kira babi ne sananne a nahawun Larabci. Idan shi ya gajarta sunan iyalinsa don ƙauna, mene ne laifin kakar da ke kiran jikarta Dije? Inda gyara ya wajaba shi ne karatun Alƙur'ani da salla, inda kowane harafi ke da haƙƙinsa. Sunan da ake kiran yarinya da shi a tsakar gida hukuncinsa daban ne. Kuma ba Hausawa kaɗai suka yi haka ba: Turkawa na cewa Hatice, mutanen Mali da Gini na cewa Kadiatu, Senigal na cewa Khadi, masu jin Suwahili na cewa Hadija. Ko'ina sunan ya je, sai ya ɗauki harshen masu gida.

Hujja ta biyu ba ta ilimi ba ce, ta yayi ce: wai Dije sunan ƙauye ne, ba ya dacewa da 'yar boko. A nan ya kamata a faɗi gaskiya, ba sunan ake gudu ba, talauci da ƙauyanci ake gudu, kuma wasannin kwaikwayo da ke yawan ba 'yar ƙauye ko 'yar aiki irin waɗannan sunaye sun ƙara wa abin gishiri. Tarihi kuwa bai goyi bayan wannan raini ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da 'ya mai wannan suna, yayar Nana Asma'u, malama ce, ita ce mahaifiyar babban malamin nan Abdulƙadir ɗan Tafa. Maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, Hadiza ce, ta haɗa sunan littafi da sunan rana. A Nijar, Hadizatu Mani ta kai ƙarar ƙasarta kotun ECOWAS a kan bautar da aka yi da ita, ta yi nasara a 2008. Hadiza Bala Usman ta shugabanci hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Nijeriya daga 2016, Dakta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamnan Kaduna a 2019. Babu ɗaya daga cikinsu da sai da ta sauya harafi kafin ta kai inda ta kai.

Su kuma Dijen ƙauye da ake rainawa, su ne suka fi kowa kama da mai sunan ta fuskar sana'a. A garuruwan fadamar Haɗejiya, idan ruwa ya janye aka yanke shinkafa, mata ne ke turara ta a manyan tukwane, su shanya a tsakar gida, su aika a kai injin casa, su auna da kwano. Su ke soya gyaɗa su matse mai su murza ƙuli-ƙuli, su ke saƙa tabarma da faifai da kaba, su ke zuba adashi su sayi akuya su ba da kiwo. Da yawansu ba sa taka kasuwa, amma kayansu na zuwa ta hannun ɗa ko ƙane ko dillaliya, a dawo a yi lissafi. Wannan shi ne tsarin da Nana Khadija ta bi, dukiya tata, tafiya ta wani, amana a tsakani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliya ya sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wata shekara gona ta bushe, wata shekara ruwa ya cinye. A irin waɗannan shekaru, ɗan jarin da ke ɗaure a bakin zanen uwar gida shi ke rufa wa gidaje da yawa asiri.

Wuri ɗaya ne masu son daidaito suke da gaskiya, shi ne takarda. Yarinyar da aka rubuta Hadiza a firamare, Khadija a sakandare, Dije a katin asibiti, za ta sha wahala ranar da za ta yi rajistar jarrabawar shiga jami'a, wadda tun 2021 ake neman lambar shaidar ɗan ƙasa kafin a yi ta, ko ranar buɗe asusun banki. Maganin wannan shi ne iyaye su zaɓi rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa su tsaya a kansa. Wanda ya zaɓi Khadija ya yi daidai, wanda ya zaɓi Hadiza ya yi daidai, kuma kada ɗayansu ya ga ɗan'uwansa a kan kuskure. Abin da ya rage a wuyan iyaye ya fi harafi nauyi. Duk wanda ya sa wa 'yarsa sunan mace mai dukiyar kanta, mai hankalin da aka nemi shawararta a ranar da wahayi ya fara sauka, ya ɗaukar wa kansa alkawari: ya gaya mata wace ce mai sunan, ya kai ta makaranta ya bar ta ta gama, ya koya mata sana'a da riƙon amana. Uban da ya yi haka ya ba sunan haƙƙinsa, ko da wane lafazi ake kiran 'yarsa.