Albashi da Fatauci: Yadda Baƙi Suka Rayu a Farkon Kaduna

Kaduna ba ta gaji ganuwa ko tsohuwar fada irin ta Kano da Zazzau ba. Kafin zuwan Turawa, ƙauyukan Gbagyi ne a warwatse a gaɓar kogin, suna noman dawa da doya. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, shi ya fara jawo baƙi wurin. A 1913 aka soma kwaso sojoji daga Zungeru, a 1917 kuma hedikwatar Arewa ta dawo nan ɗungurungum.

Tattalin arzikin sabon garin ya rataya ne a kan albashi. Soja da akawu da leburan jirgin ƙasa ba su da gona, komai sai sun saya. Saboda haka fatake da mahauta da magina suka biyo su, Fulani suka kawo shanu da nono, matan Gbagyi kuma suna shigo da itace da hatsi. Sunayen unguwannin arewacin kogin sun adana wannan tarihi: Unguwar Shanu ta tuna da sana'a, Unguwar Kanawa ta tuna da asali.

Wannan ya bambanta da mabiya ɗariƙar Mormon da suka sauka a kwarin Salt Lake na Amurka a 1847, waɗanda aƙida ɗaya da noman rani suka haɗa. Mazauna Kaduna kuwa ciniki ne ya haɗa su, harsuna da addinai daban-daban. Duk mai gardamar ɗan ƙasa da baƙo a yau ya kamata ya fara da wannan.