Ɗurin Bindiga da Wankinta a Ƙasar Bodinga da Shagari

Idan muka dubi tarihin makamai a kudancin Sakkwato, za mu ga bindiga ta daɗe ba ta ture baka ba. Sa'ad da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, daga 1809 zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Bodinga, yawancin mayaƙan jama'a 'yan baka ne da masu dawaki. Dalili, a ganinmu, yana cikin bindigar kanta.

Harba-ka-ruga ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a danna tsumma da sanda, a sa harsashi, a sake dannawa. Kafin mai ita ya gama, ɗan baka ya saki kibau da dama. Shi kuma albarushi, da yake akwai gawayi da farar wuta a cikinsa, ba ya ƙonewa sarai, yakan bar baƙar dauɗa mai jan laima. In ba a wanke bututun da ruwan zafi an busar an shafa mai ba, sai tsatsa ta ci shi, wata rana ya fashe a hannun maharbi.

Turawan da suka ci Sakkwato a Maris 1903 sun zo da bindigogi masu ɗuri ta baya, har da mashinga, ba su san wannan jinkiri ba. Amma ɗurin gargajiya bai mutu ba. Ya saura a hannun maharban Shagari da Bodinga da maƙeran da ke yi musu gyara, su ne ya kamata mu hanzarta jin ta bakinsu tun dattawan cikinsu suna raye.