Daga Dandali Zuwa Sinima: Tarihin Wuraren Wasa da Kallo a Birnin Kano

Gabatarwa

Da yawa daga cikin 'ya'yan garinmu da suka bar gida domin neman ilmi ko neman abinci, birnin Kano ne ya karɓe su, har wasunsu sun ga 'ya'ya da jikoki a can. Wannan ne ya sa muka ga ya dace a fitowar bana mu waiwayi wani ɓangare na tarihin wannan birni wanda ba a cika kulawa da shi ba, wato wuraren da jama'a ke taruwa domin kallon wasa da sauraron kiɗa da waƙa. Masana sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan sarauta da fatauci da malanta, amma inda talaka ke zuwa ya huta bayan wahalar yini, shi ma yana da nasa tarihin. Abin da muke son mai karatu ya lura da shi shi ne, duk lokacin da aka rufe wani wurin kallo a Kano ba tare da an tanadi madadinsa ba, kallon ba ya mutuwa, sai dai ya ƙaura zuwa inda idon manya ba ya kaiwa.

Ƙofar Fada da Dandali

Wurin kallo mafi tsufa da ya rage a Kano shi ne ƙofar fada. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Tarihi ya nuna cewa a zamaninsa ne aka fara busa kakaki a fadar Kano. Tun daga nan filin da ke gaban fada ya zama wurin da makaɗan sarauta ke nuna gwanintarsu da tambari da algaita da kotso, kuma nan ne hakimai ke kawo jahi a ranar Hawan Daushe. Idan aka dubi hawan Sallah da kyau za a ga cewa birnin gaba ɗayansa ne ke zama fagen wasa. Daga filin idi na Ƙofar Mata ake farawa, a ratsa unguwanni, washegari a yi Daushe, sannan Hawan Nassarawa, a ƙare da fita Ɗorayi ko Fanisau. Ba a sayen tikiti, ba a kuma hana kowa tsayawa a bakin hanya. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana su.

Baya ga fada, kowace unguwa tana da dandalinta. A nan 'yan mata ke yin gaɗa da dare idan akwai farin wata, samari kuma su yi langa da kokawa. 'Yan kama da 'yan gambara sukan bi kasuwanni da gidajen biki suna ba mutane dariya. Idan azumi ya kai kwana goma sai tashe ya kankama, yara su bi gida gida suna kwaikwayon malami da ɗan kasuwa da mai rowa, Nalako kuma ya fito da gangarsa yana farautar gwagware. Abin lura a nan shi ne, dandali ba shi da katanga. Uwa tana jiyo muryar 'yarta daga tsakar gida, mai unguwa yana zaune a kan dakalinsa, kuma duk yaron da ya wuce gona da iri, kafin ya isa gida labari ya riga shi. Wasan na jama'a ne, tsawatarwar ma ta jama'a ce.

Majigi da Wasan Makaranta

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sannan aka kafa Sabon Gari a wajen ganuwa domin baƙin da suka biyo hanyar dogo. Sabon abin kallo na farko da ya shiga cikin jama'a sosai shi ne majigi. Mota ce ke zuwa da injinta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci bayan sallar isha'i, mai bayani ya riƙa fassara abin da ake nunawa. Gwamnati ce ke amfani da shi wajen koyar da tsafta da noma da yaƙi da jahilci, kuma fim ɗin Baban Larai, wanda aka shirya domin ƙarfafa noman auduga, yana cikin waɗanda dattawa ba su manta ba. Mu da muka tashi a ƙauye mun riski ƙarshen zamanin majigi, mun kuma shaida cewa iyaye ba su hana yara zuwa ba, domin a ƙofar gidan shugaba ake yin sa, a gaban kowa.

Wuri na biyu shi ne makarantar boko. A 1909 Hans Bisha, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, kuma gidansa ne daga baya ya zama mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. A makarantu ne rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa ya samu gindin zama. Malam Aminu Kano ya shirya wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana sukar zalunci da ha'inci ta hanyar ban dariya. Bayansa aka samu littattafai irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai mun san cewa ba a rufe shekara a wancan lokaci sai an haɗa tebura an yi dandamali, an gayyato iyaye da hakimi, yara sun yi wasa. Yaron da ba ya iya buɗe baki a aji, sau da yawa a kan waɗannan tebura yake samun muryarsa.

Zamanin Sinima

A 1937 aka buɗe sinimar Rex a Sabon Gari. A nan kallo ya shiga bayan katanga, ya zama sai da kuɗi. Mafi yawan masu gidajen sinima na farko Kwarori ne, kuma gidajen ba su da rufi, saboda haka sai dare ya yi ake nuna fim. Tun farko malamai da dattawan cikin birni ba su yarda da abin ba, domin wuri ne da maza da mata ke cuɗanya cikin duhu, nesa da unguwa. Sai kuma ga babban bala'i a watan Mayu na 1951, lokacin da gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasa rayukansu. Wannan gobara ta daɗe a zukatan Kanawa, ta kuma ƙara wa mutane da yawa ƙyamar sinima.

Duk da haka, a farkon shekarun 1950 aka buɗe sinimar Palace a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, ita ce ta farko a cikin ganuwa, aka kuwa sha jayayya a kanta. Bayan samun mulkin kai gidajen suka yawaita, aka samu Plaza da Wapa a Fagge, da Orion a wajen Ƙofar Wambai, da Queens da El Dorado, daga baya kuma Marhaba. Finafinan Indiya ne suka fi samun karɓuwa, domin Bahaushe ya ga auren dole da kunya da biyayyar iyaye a cikinsu, abubuwan da ya sani a gidansa. Sannan akwai na kaboyi daga Amurka da na faɗa daga ƙasar Sin. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, abin da ya nuna cewa harshenmu ma yana iya hawa babban allo.

Bai kamata a manta ba cewa gidan sinima ya yi wa makaɗa amfani. Mawaƙa irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos sun samu wurin da za su tara ɗaruruwan mutane a dare ɗaya ba tare da jiran biki ko naɗin sarauta ba. Amma wurin ya ci gaba da ɗaukar baƙin jini, saboda shaye-shaye da 'yan daba da ke taruwa a bakinsa. A 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe Palace ya mayar da ita asibiti. Jama'a da yawa sun yi murna, kuma asibiti abu ne mai amfani, sai dai ba a buɗe wa matasan cikin birni wani wuri mai tsari a madadinta ba.

Talabijin da Bidiyo

Kafin sinima ta gama faɗuwa, kallo ya riga ya fara shiga ɗaki. Gidan talabijin na tarayya da ke Kano ya yi fice da shirin Kuliya Manta Sabo, na Kaduna kuma da Samanja Mazan Fama. A zamanin Gwamna Abubakar Rimi aka kafa gidan talabijin na jiha, CTV, wanda daga baya aka sa masa sunan Rimi. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni, waɗanda a da suke wasa a filin makaranta ko ɗakin taro, sai suka koma neman shiga akwati. Ɗaya daga cikinsu, wato Tumbin Giwa, ita ce ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Kafin shekara goma sana'ar ta bunƙasa har ta samu sunan Kannywood.

A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar finafinai, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai domin sa ido. Tsofaffin gidajen sinima suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka rushe su aka gina shaguna. Yau idan aka ce Wapa, abin da ke zuwa zuciyar yaro shi ne 'yan canji, El Dorado kuma suna ne da ake gaya wa mai adaidaita sahu. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, amma ta janye saboda adawar malamai da sauran jama'a.

Halin da Ake Ciki

Wuraren da suka rage ba su da yawa idan aka kwatanta da girman birnin. Gidan Makama, wanda ke daura da fada, gidan tarihi ne da ya kamata kowane ɗalibi ya ziyarta. Gidan Ɗan Hausa yana nan, Jami'ar Bayero kuma tana da sashen koyar da wasan kwaikwayo. A filin Ado Bayero da ke Sabon Gari ana yin dambe tsakanin Kudu da Arewa da Guramada, kuma wannan wasa na mutanen karkara ne da mahauta, waɗanda suka shigo da shi birni tare da kalangunsu. Sauran kuwa gidajen kallon ƙwallo ne da ɗakunan biki na haya, waɗanda talaka ba ya shiga sai da katin gayyata.

Dandalin unguwa kuwa an yanka shi fuloti. Tashe ma 'yan sanda sun sha hana shi a 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Ina yaran suka tafi? Suna cikin ɗaki, waya a hannu, suna kallon abin da babu hakimi ko mai unguwa ko hedimasta da ya gani kafin su. Dattawan da suka ƙi sinima suna da hujja, domin sun ga ɓarna da idonsu. Sai dai tarihin nan ya nuna cewa daga dandali zuwa sinima, daga sinima zuwa kaset, daga kaset zuwa waya, kowane mataki ya ƙara nesanta wasa daga idon iyaye, kuma rufe ƙofa kaɗai bai taɓa mayar da shi kusa ba.

Kammalawa

'Yan uwa mazauna birni, abin da ya cinye dandalin Kano ya kama hanyar garuruwa irin namu, kuma mu ne masu kuɗin sayen fulotin. Kafin filin da ake kokawa da kalankuwa bayan kaka ya zama jerin shaguna, ya kamata dattawa da hakimi da ƙaramar hukuma su keɓe shi da takarda, a kafa masa alamun iyaka, a bar shi a buɗe yadda mai wucewa zai ga abin da ake yi a ciki. Ya kamata kuma makarantun firamare su dawo da wasan ƙarshen shekara, wanda ba ya bukatar komai sai tebura da malami mai himma da iyayen da za su zo su zauna. Mazauna Kano kuma su daure su kai 'ya'yansu Gidan Makama, su tsaya da su a bakin hanya ranar hawa, su gaya musu abin da ya taɓa kasancewa a Jakara da Fagge. Fili idan ya zama gini, da wuya ya sake komawa fili. Allah ya sa mu gyara tun da sauran lokaci, amin.