Finafinan Rasha na Zamani: Daga Kulle Zuwa Hijira

A shekarar 1967 wani mutum mai suna Aleksandr Askoldov ya kammala fim ɗinsa na farko a Tarayyar Sobiyet, ya raɗa masa suna Komissar. Ya ɗauko shi ne daga wani gajeren labari na marubuci Vasili Grossman, game da wata jami'ar rundunar gurguzu da ciki ya tsufa a jikinta ana tsakiyar yaƙin basasa, aka sauke ta a gidan wani talakan Bayahude mai tarin 'ya'ya domin ta haihu. Hukuma ta kalli fim ɗin ta ce atafau ba mai ganin sa. Aka kori Askoldov daga aiki, aka fitar da shi daga jam'iyya, aka kuma yanke masa hukuncin cewa bai cancanci wannan sana'a ba. Gwangwanayen fim ɗin suka yi shekara 20 a kulle. Sai a 1987 aka nuna shi a Mosko, a shekarar da ta biyo baya kuma ya ci babbar lamba a bikin finafinai na Berlin. Askoldov bai sake yin wani fim na labari ba har ya rasu a 2018.

Mun fara da wannan ne domin mai karatu ya san gidan da masu fim na Rasha suka fito. A zamanin Sobiyet gwamnati ce mai komai: ita ke da ɗakunan ɗaukar hoto irin su Mosfilm da Lenfilm, ita ke da gidajen sinima, kuma hukumarta mai suna Goskino ce ke karanta labari kafin a ɗauka, ta kalli fim kafin a sake shi. Darakta ma'aikaci ne mai albashi, ba ya tunanin kuɗin aiki, amma bakinsa ba nasa ba ne. 'Yan kallo kuwa ba a magana, domin mutanen ƙasar mayun sinima ne, kuma abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne yadda suka kamu da son finafinan Indiya kamar yadda muka kamu a nan. Raj Kapoor da Mithun Chakraborty sanannu ne a Mosko da Tashkent kamar yadda suke a Kano.

A watan Mayun 1986, Gobachof bai daɗe da hawa mulki ba, ƙungiyar masu shirya finafinai ta yi babban taronta na biyar, 'yan ƙungiya suka kayar da tsofaffin shugabanninsu da ƙuri'a, suka ɗora Elem Klimov. Aka kafa kwamiti ya bi finafinan da aka kulle ɗaya bayan ɗaya yana fito da su. Da ƙofa ta buɗe sai matasa suka shiga nuna abin da a da ba a faɗa: shaye-shaye, talauci, zaman banza, gidajen da miji da mata ba sa ga maciji. Rashawa suka ba irin waɗannan finafinai suna "chernukha", daga kalmarsu ta baƙi, wato dai masu baƙanta ƙasa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Malenkaya Vera na Vasili Pichul (1988), wanda mutum fiye da miliyan 50 suka kalla. Wannan zargi na tona asirin gida mai karatu ya riƙe shi, domin zai sake dawowa.

Sai dai kash, 'yanci ya zo, kuɗi ya tafi. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a ƙarshen 1991, hanyar rarraba finafinai ta rushe tare da ita. Gidajen sinima da yawa suka koma shagunan sayar da kujeru da motoci, kasetocin Amurka na satar fasaha suka cika kasuwa. Ƙasar da ta yi finafinai kimanin 300 a 1990 ta dawo tana yin 'yan gommai kacal a tsakiyar shekarun. Manyan 'yan wasa da aka saba gani a allo suka shiga neman na tuwo.

Wanda ya fi kowa tsira a wannan guguwa shi ne Nikita Mikhalkov, ɗan babban gida, domin mahaifinsa Sergei ne ya rubuta baitocin taken ƙasar Sobiyet a zamanin Stalin, shi ne kuma ya sake rubuta na Rasha a shekarar 2000. A 1994 Nikita ya fitar da Utomlyonnye Solntsem, wato waɗanda rana ta gajiyar. Labarin wuni guda ne a cikin 1936. Kwamanda Kotov, gwarzon juyin juya hali wanda ke alfahari da sanin Stalin, yana hutawa da iyalinsa a ƙauye, sai ga Mitya, tsohon masoyin matarsa, ya zo da raha da kiɗa kamar baƙon arziki, alhali ɗan sandan ciki ne da aka turo ya tafi da shi. Mikhalkov ne ya fito a Kotov, 'yarsa ta cikinsa Nadia ta fito a 'yar Kotov, Oleg Menshikov kuma ya fito a Mitya. Abin da ya sa fim ɗin ke cin rai shi ne mai kallo ya riga yarinyar sanin abin da baƙar motar nan ta zo yi, ita kuwa tana murna an ɗan ɗauke ta a ciki. Ya ci lamba a Cannes ta Faransa, ya ci Oscar a 1995, Mikhalkov ya hau dandamali da yarinyar ya ɗaga ta a kafaɗa. Daga nan sai ya zama shugaban ƙungiyar masu fim, ya zama na hannun daman masu mulki. A 2010 ya yi ci gaban fim ɗin da maƙudan kuɗi, ya tayar da Kotov daga kabari ya kai shi yaƙin duniya, 'yan kallo suka juya masa baya. A ganinmu alhakin labarin farko ne ya kama shi.

Ga masu sha'awar rubutu, fim ɗin da ya fi cancanta a tsaya a kai shi ne Kavkazskiy Plennik, fursunan tsaunukan Kafkas, wanda Sergei Bodrov babba ya fitar a 1996 ana cikin yaƙin Checheniya na farko. Ya ɗauki gajeren labarin da Tolstoy ya wallafa tun 1872 ya sa masa kayan zamani. Wani dattijo Musulmi a ƙauyen tsauni, Abdul-Murat, ya kama sojojin Rasha biyu domin ya musanya su da ɗansa da ke tsare a hannun Rashawa. Ciniki ya lalace, aka harbe ɗan nasa. Dattijon ya tasa ƙeyar sojan da ya rage zuwa bayan gari, ya ɗaga bindiga, ya harba iska, ya juya ya tafi. Yaron na kan hanyar komawa sai ga jirage masu saukar ungulu sun nufi ƙauyen, yana ɗaga musu hannu yana ihu, ba wanda ya ji shi. Ba a yi wa'azi ko sau ɗaya a fim ɗin ba, kuma an yi shi ne a lokacin da gwamnatin ƙasar ke ruwan wuta a kan irin waɗannan ƙauyuka.

Wanda ya fito a ƙaramin sojan ɗan daraktan ne, Sergei Bodrov ƙarami, wanda tarihin zane-zane ya karanta a jami'ar Mosko, bai taɓa shiga makarantar wasan kwaikwayo ba. Darakta Aleksei Balabanov ya gan shi ya ba shi fim ɗin Brat, wato ɗan'uwa, a 1997. An yi shi a cikin kusan wata guda da kuɗi ƙalilan, a gidajen abokai, har rigar sanyin da jarumin ya sa a gwanjo aka saye ta. Danila yaro ne mai sanyin fuska da ya dawo daga soja yana cewa shi aikin ofis kawai ya yi, ya tafi birnin Fitasbag wurin yayansa, ashe yayan ɗan kisan haya ne, ashe kuma shi Danilan ya fi shi iya kisa. Ta kaset fim ɗin ya zagaye ƙasar, matasan da suka tashi suka tarar da ƙasar iyayensu ta watse suka ɗauki Danila nasu. Nan ne muke da ja. Danila yana kare mai rauni, gaskiya ne, amma akwai inda ya ci zarafin wasu 'yan Kafkas a cikin motar haya da kalmar ƙabilanci, kuma a kashi na biyu (2000), da aka kai labarin Chicago, an yi wa mutanen Yukren shaguɓe. Masu kare Balabanov na cewa madubi ya riƙe wa jama'arsa. Wataƙila haka ne, sai dai 'yan kallo da yawa tafi suka yi, ba su ji kunya ba.

Ranar 20 ga Satumbar 2002 Bodrov ƙarami yana ɗaukar fim ɗinsa na biyu a matsayin darakta a kwarin Karmadon da ke Osetiya ta Arewa, sai dutsen ƙanƙara ya ɓallo daga tsauni ya rufe kwarin. Mutum fiye da 120 suka salwanta, ba a ga gawarsa ba. Shekararsa 30. Balabanov ya ci gaba da aiki, finafinansa suna ƙara duhu, har ya rasu a 2013 yana da shekara 54.

Shekara guda bayan Karmadon wani suna ya ɓullo wanda ko a Mosko ba kowa ya san shi ba. Andrei Zvyagintsev, haifaffen Novosibirsk a 1964, wasan kwaikwayo ya karanta, ya yi shekaru ba aiki, har sharar tsakar gida ya yi don ya ci abinci. Fim ɗinsa na farko, Vozvrashcheniye, wato dawowa, labarin uba ne da ya ɓace shekara 12 ya dawo rana tsaka ya ɗauki 'ya'yansa maza biyu zuwa wani tsibiri, babban yana neman yardarsa, ƙaramin yana tuhumarsa, ba a kuma taɓa gaya mana inda ya je ba. Ya ci lambar zinare ta Venice a 2003. Vladimir Garin, yaron da ya fito a babban wa, bai ga wannan rana ba, domin ya nutse a tafki 'yan watanni kafin nan yana da shekara 16.

Aikin Zvyagintsev da ya tayar da ƙura shi ne Leviafan (2014), wanda ya rubuta tare da abokin aikinsa Oleg Negin, rubutun kuma shi ya ci lamba a Cannes. Tushen labarin daga Amurka yake, inda wani mai walda a jihar Colorado ya yi rigima da hukumar garinsu a 2004, amma marubutan suka haɗa shi da ƙissar Annabi Ayuba suka dasa shi a gaɓar tekun arewacin Rasha. Kolya makanike ne, magajin gari yana son filin gidansa. Ya je kotu, aka karanta masa hukunci da sauri kamar ana karanta lissafin kaya. Ya ɗauko lauya daga Mosko, aka razana lauyan ya gudu. Daga ƙarshe matarsa ta mutu, aka ɗora masa kisan, aka ɗaure shi shekara 15, aka rushe gidan, aka gina coci a wurin, babban limamin da ke ba magajin gari shawara ya hau yana wa'azi a kan gaskiya. Abin mamaki, ma'aikatar al'adu ta Rasha ta ba da wani kaso na kuɗin fim ɗin, kuma shi ƙasar ta aika gasar Oscar. Amma minista Vladimir Medinsky ya fito ya soke shi, tsohon zargin nan na baƙanta ƙasa ya dawo, aka kuma toshe ashariyar da ke cikinsa kafin a nuna shi a gida, bisa wata doka da ta fara aiki a 2014. Fim ɗinsa na gaba, Nelyubov (2017), game da yaron da ya ɓace iyayensa na tsakiyar rabuwa, ba sisin gwamnati a ciki. Ƙauyen Teriberka kuwa, inda aka ɗauki Leviafan, wanda aka ce an ci mutuncinsa, ya zama wurin da masu yawon buɗe ido ke tururuwa.

Mu da muka daɗe da alli a hannu ba za mu wuce ba mu ambaci Aleksandr Sokurov ba. Ya yi suna da fim ɗin da ya ɗauka tiryan-tiryan ba yankewa na kimanin sa'a ɗaya da rabi a gidan tarihi na Hermitage (2002), amma a 2010 ya tafi Nalchik, can cikin Kafkas, ya buɗe aji a jami'ar garin don yaran yankin da ba su da hanyar zuwa Mosko. Daga ajin nan Kantemir Balagov ya fito, wanda ya ci lambar darakta a wani rukuni na Cannes a 2019 yana da shekara 27, da Kira Kovalenko, wadda ta ci babbar lambar wannan rukuni a 2021 da fim ɗin da ta yi da harshen Osetiya.

Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022 sai gidan ya rabu. Balagov da Kovalenko suka bar ƙasar. Darakta Kirill Serebrennikov, wanda ya sha ɗaurin talala tun 2017, ya tafi Turai. Jaruma Chulpan Khamatova ta koma Latbiya. Aleksandr Rodnyansky, haifaffen Kiyef wanda ya shirya Leviafan da Nelyubov, aka sa masa tambarin ɗan koren ƙasashen waje, a 2024 wata kotun Mosko ta yanke masa ɗauri a bayan idonsa. Zvyagintsev, wanda cutar korona ta kusa kashewa a 2021, ya koma Faransa da zama. Mikhalkov ya goyi bayan yaƙin, Tarayyar Turai ta sa masa takunkumi. Akwai kuma irin su Yura Borisov da suka yi shiru suka ci gaba da aiki gida da waje, har aka sa shi a jerin 'yan takarar Oscar a 2025.

A watan Maris na 2022 manyan kamfanonin Amurka suka daina ba gidajen sinimar Rasha finafinansu. Masu gidajen suka duba abin da za su sa a allo, suka koma ma'ajiya suka ɗauko Brat da kashi na biyunsa, shekara 20 ba kaɗan bayan rasuwar jaruminsa, shekara 9 bayan rasuwar daraktansa.