3.4 Jikin da Ƙarfe Ba Ya Ci: Isfandiyar da 'Yan Tauri a Ƙasar Jega

A littafin Shahnama, wanda Firdausi ya kammala a shekarar 1010 Miladiyya, neman dauwama ya fito ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce neman ruwan rayuwa, inda Iskandar ya shiga ƙasar duhu tare da Halliru, Halliru ya sami ruwan, shi kuwa sarkin ya ɓace hanya ya dawo hannu rabbana. Ta biyu, wadda wannan sashe zai fi mayar da hankali a kai, ita ce tsare jiki daga makami.

Isfandiyar ɗan Sarki Gushtasb jarumi ne da takobi da mashi ba su kama jikinsa. Mahaifinsa, don kada ya sakar masa gadon sarauta, sai ya tura shi ya ɗauro Rustam, barden Iran. A karon farko Rustam ya sha kibau har ya kusa halaka. Daga nan ne tsuntsuwar nan Simurg ta tona asirin: idanun Isfandiyar ba su tsaru ba, kuma kibiyar da za ta kashe shi sai an sassaƙo ta daga reshen wani icce da Farisawa ke kira gaz. Da ita Rustam ya harbe shi a ido.

Duk wanda ya tashi a Jega ko Maiyama ba zai ji wannan labari baƙo ba. 'Yan tauri kan fito lokacin salla da bukukuwa, makaɗa na zuga su, suna gurza wuƙa a ciki da wuya ba ta ko yi musu kwarzane. Amma su da kansu ba su musun cewa kowane magani yana da makari, kuma yana da dokokin da in an karya su ya warware. Abin da aka fi faɗa shi ne, tauri maganin ƙarfe ne kawai, bai hana gora ta yi aikinta. Ke nan wanda wuƙa ta kasa, sanda na iya karya shi, a kwashe shi zuwa wurin masu ɗorin Aliero kamar kowa. A ganin mai wannan bincike, gorar nan da reshen gaz abu ɗaya suke nunawa: al'ummar da ta yarda da tsarin jiki ita ce kuma ta bar wa ajali ƙofa.

Tarihin Kabi ma bai saɓa ba. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Songhai a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame, ya kara da rundunar Barno ya fito lafiya, amma a hanyarsa ta komowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, raunin ya yi ajalinsa a Jirwa.

Sai dai akwai bambanci. Isfandiyar sarauta yake nema, tsarin jikinsa kuwa baiwa ce da aka danganta da addinin Zaradusht. Ɗan tauri shi ke neman nasa wurin uba ko maigida, galibi don farauta da kare kai da kuma jin kirarinsa a bakin makaɗi. Wannan kirari ne sashe na gaba zai duba.